Kawu ya bar kaset, akwatin sifana da mota: da wanne za a fara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya rasu wata huɗu ke nan. Bakanike ne, ya fi shekara talatin yana sana'ar, kuma duk wanda ya san garejinsa ya san rikodarsa ba ta yin shiru. Mutum ne mai sanyin hali, yaran da ya koya wa aiki har yau suna zuwa gaishe mu. Ya bar kaset wajen ɗari biyu a kwali, wasu na waƙoƙi, wasu kuma shi ya ɗauki muryarsa yana rera waƙa ko yana hira. Akwai akwatin kayan aikinsa da ya soma tsatsa, da tsohuwar motarsa da ta shekara biyu ba a tayar ba. Magada sun amince a adana kayan, sun ɗora mini nauyin. Ta ina zan kama?
Daga wata mai karatu

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan Kawu, ya ba ku haƙuri. Ki fara da kaset. Ƙarfe zai jira ki ko shekara nawa, amma zaren kaset kullum raguwa yake yi, kuma wanda Kawu ya ɗauki muryarsa a ciki ba shi da na biyu.

Kafin ki saka ko ɗaya a rikoda, ki ware su kashi biyu: waɗanda ya saya, da waɗanda ya ɗauka da hannunsa. Na biyun su ne dukiyar. A saman kowane kaset akwai 'yan harsuna biyu na roba, hagu da dama. Ki ɓalle su. Da zarar babu su maɓallin ɗauka ba zai shiga ba, don haka ko yaro ya danna bisa kuskure ba zai goge komai ba. Sai ki duba ta tagar kaset ɗin. In kin ga fari-fari kamar gari a gefen zaren, funfuna ce. Ki ajiye shi shi kaɗai a leda, kada ya shiga rikoda, domin zai ɓata mata kan da ke karanta sauti ya kuma shafa wa sauran. Ki leƙa ƙasan kaset, a tsakiya bayan zaren akwai ɗan soso a kan siririn ƙarfe, shi ke danna zare a jikin kan rikoda. Gam ɗinsa na bushewa ya faɗi, sai murya ta riƙa fita a dushe kamar daga cikin rijiya. Ana iya ciro na wani kaset marar amfani a manna.

Kada ki amince wa rikodar Kawu don kawai tasa ce. Bel ɗin roba da ke juya ta yana saki ko ya narke idan ya daɗe, robar da ke matse zare kuma tana taurara, ita ce ke jawo "cin kaset". A sa mai gyara ya canza bel, a goge kan rikodar da siririyar sandar da ke jan zare da auduga da sifirit na goge kayan lantarki, mai ƙarfin kashi 90 cikin ɗari ko fiye. A jira ya bushe, a gwada da kaset ɗin da ba a damu da shi ba. Kowane kaset kuma a tura shi gaba har ƙarshe a dawo da shi kafin a kunna, don zaren da ya manne ya saki. A yi hattara da masu lambar C120, wato na minti 120: zarensu ya fi na C60 da C90 siranta, shi ya sa suka fi saurin naɗewa. Wanda ya tsinke kada a haɗa shi da salatif na takarda, danƙonsa na tsattsafowa ya liƙe zaren da ke kusa. Akwai tef na musamman na wannan aikin.

Juyawa zuwa kwamfuta ba wuya, lokaci kawai take ci, don C90 sai ya cinye minti casa'in ɗinsa cif. A haɗa waya daga mafitar sautin rikoda zuwa mashigar sauti ta kwamfuta, ko ta ƙaramar na'urar sauti mai USB. Manhajar Audacity kyauta ce kuma ta isa. A saita ƙarar yadda mafi tsananin sauti zai tsaya wajen -6 a ma'auninta, domin in ya buga 0 muryar ta fashe, kuma ba ta gyaruwa. A adana a tsarin WAV, a saita ingancin sauti a 44,100 Hz da bit 16 mafi ƙaranci. Minti ɗaya na cin kusan megabait 10, ke nan C90 guda ya kusa 900. Daga wannan uwar kwafi ta WAV ake cire MP3 a raba wa dangi. Uwar kuwa a yi mata kwafi uku, ɗaya ya kasance a wani gida daban. Abin da mutane ke mantawa shi ne takardar cikin kwanson kaset. A ɗauki hotonta, rubutun hannunsa ne, wani lokaci har da kwanan wata da shatin yatsa na baƙin mai. Kaset ɗin kansu a jera su a tsaye cikin kwansonsu, nesa da rana, da danshi, da lasifika, saboda maganaɗisun cikinta na rage sauti.

Yaran nan da ke zuwa gaisuwa, kada ki bar su su tafi haka. Ki nemi izininsu, ki ajiye waya kamar taƙi ɗaya daga bakin mai magana, ki kashe mata layi don kada kira ya katse ɗaukar, ki fara da faɗin sunansa da ranar. Kada ki ce "ba mu labarin Kawu", za ki ji "mutumin kirki ne" sai shiru. Ki miƙa masa sifana daga akwatin ki tambaye shi aikin da aka yi da ita, ko ki kunna waƙa ki ce yaushe Kawu ke sa wannan. Rabin awa ya ishi mutum ɗaya.

Akwatin aiki shi ne mai sauƙi. Tsatsa mai sama-sama, burushin waya da ɗan kananzir sun wadatar. Wadda ta ci ƙarfe, a jiƙa a ruwan khal awa 12 zuwa 24, a goge, a ɗauraye da ruwan da aka zuba bekin soda don ya kashe tsamin, a busar nan take, a shafa baƙin mai sabo kaɗan. In aka bar shi jiƙe, kafin gari ya waye tsatsar ta dawo. Sifanar da ke auna ƙarfin ɗaurin noti ba a jiƙa ta. A sassauta ta zuwa lamba mafi ƙasa don sifirin ɗinta ya huta. A cire batir daga mita da tocila. Shawararmu: kada a kankare fenti ko alamar da ya yi wa kayansa, kuma kada a nemi su koma sababbi.

Motar ce wurin da ake yin ɓarna mai tsada, domin kowa na son ya murza makulli ya ji kukanta. Kada a yi. Bayan shekara biyu man inji ya tsiyaye daga saman silinda, fetur ɗin tanki ya lalace ya zama danƙo mai toshe kafireta ko nozul. A zuƙe tsohon fetur, a juye baƙin mai a canza filta. A cire fulogai, a zuba kamar ƙaramin cokali na mai a kowane rami, a bar shi ya kwana, sannan a juya injin da hannu ta notin fulin da ke gaban inji. In ya ƙi juyawa a tsaya, kada a tilasta. Batir mai lafiya na nuna kusan bolt 12.6; wanda ya shekara biyu a zaune da wuya ya farfaɗo. A duba wayoyi ko ɓera ya ci, a duba ruwan lagireto da tiyo-tiyonsa. Man birki na shan danshi daga iska, a canza shi gaba ɗaya, a kuma tabbatar birkin hannu bai manne ba. Taya na da lamba huɗu a gefe, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar ƙira, misali 2315 na nufin mako na 23 a 2015. Idan injin mai bel ɗin taimin ne, wato bel ɗin da ke daidaita lokacin buɗewar bawul, a canza shi kafin tayarwa, don a injuna da yawa tsinkewarsa na haɗa fistin da bawul. Wannan aikin ki ba wa babban yaron Kawu, shi ya san motar. Kafin ya haɗa batir, ya leƙa rediyonta ko akwai kaset a ciki, a fitar da shi a hankali a kai shi kashi na biyu, na waɗanda ya ɗauka da hannunsa.