Karyayyar taɓaryar Kaka ko sandar da ake talla a intanet?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni masassaƙi ne a wani ƙauye kusa da Ringim, ina da ɗan injin juya itace. Ina so in yi wa Babanmu alƙalami mai shan tawada, irin wanda malaman firamare na da ke saƙalawa a aljihu. Wani a intanet yana tallar tsohuwar sandar seluloyid, wai da ita ake yin na asali. Ina kuma da karyayyar taɓaryar kakarmu ta ƙirya. Wanne zan kama?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Mai tallar bai yi ƙarya ba, tun 1924 kamfanin Sheaffer na Amurka ya fara yin alƙalami da seluloyid, Parker ya biyo baya. Abin da bai faɗa maka ba shi ne yadda take cin wuta. Auduga ce aka sarrafa da sinadari aka gauraya da kafur, shi ya sa in ka goga ta ta ɗumama za ka ji ƙamshin kafur. Ƙarfen sassaƙa ya yi zafi, ɓarɓashinta ya kama, ga rumfarka ta zana, ga buhunan dusar katako. Ni dai ban yarda ba. In har sai ka sayi kayan waje, nemi ebonait, robar da aka dafa da farar wuta ta taurare. Tawada ba ta cin ta, sai dai wari wajen sassaƙa, kuma rana na kodar da baƙinta.

Amma kana da ƙirya a hannu, me kake nema? Itacen da ya shekara talatin yana shan hunturu da damina ya gama duk motsin da zai yi, saɓanin ɗanye da zai tsage maka da sanyin farko. Yanko daga tsakiya, inda hannu ke riƙewa har ya yi santsi. Kawunan sun sha daka, akwai tsaga a cikinsu da ido ba ya gani. Guntu mai tsawon santimita 15 da kaurin 2 ya isa gangar jiki da murfi. Huda a hankali, kana fito da abin hudar yana hucewa, don ƙirya na da taurin kai.

Itace ba ya riƙe siririn zaren murɗi, wato tsagin da murfi ke bi in an murɗa shi, kuma ba a barin tawada ta taɓa shi. Saboda haka sayi alƙaluman Jinhao ko Hero guda biyu, 'yan Chana masu araha, ka gwada rubutunsu kafin ka biya. Ciro bakin da rumbun tawadar da zoben murɗin, ka dasa a cikin itacen da gam mai ƙarfi. Fara koyo da reshen darbejiya, taɓaryar Kaka ɗaya ce tak. Ka gama da samfefa mai laushi da kakin zuma.

Tambaya: Malam, ina koyar da allo a wajen Gezawa. Zan iya ɗura tawadarmu a irin wannan alƙalami?

Amsa: Allah gafarta Malam, a'a. Tawadar allo akwai ƙaro da garin gawayi, hanyar da tawada ke bi zuwa baki kuwa siririya ce kamar gashi. Tana bushewa ta toshe. A sayi ta kwalba, irin Parker Quink, ta allo kuma a bar wa alƙalamin gamba.