Firiza daga Alaba ko daga manhajar waya: wa za ki riƙe ranar da ta tsaya?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Agege, ina sana'ar kunun aya da zoɓo da ƙanƙara a gida. Na yi adashi wata goma, yanzu kwasata ta zo, ina son in sayi babbar firiza. Maigidana ya ce mu je kasuwar Alaba wurin wani mai shago da ya daɗe yana sayayya a hannunsa. 'Yata kuma ta nuna min irinta a waya, kuɗinta bai kai na Alaba ba da naira dubu 30, kuma wai har gida za a kawo. Kuɗin nan da gumi na tara su, ba na son in yi asara. Wanne ya fi?

Maman Hanifa, Agege

Amsa

Wa alaikumus salam, Maman Hanifa. Allah ya sa wa sana'a albarka.

Bari in faɗa miki inda na karkata tun daga farko. Firizar nan jarinki ce, ba kayan ado ba. Ranar da ta daina sanyi, kunun aya na bokiti guda zai yi tsami kafin la'asar, masu ƙanƙara kuma su koma gidan maƙwabciya. Saboda haka a kan irin wannan kaya ni na fi son shagon da ke da ƙofa da mai shi a zaune. Amma shawarar 'yarki ma ba ta banza ba ce, kuma za ki ga amfanin da za ta yi miki a ciniki.

Da farko, dubu 30 ɗin nan ba ta tabbata ba tukuna. Ki ce wa yarinyar ta saka firizar a kwandon sayayya, ta rubuta adireshinku na Agege, ta bi har shafin ƙarshe inda ake biya, amma kada ta biya. A nan ne kuɗin kawo kaya ke fitowa. Kaya mai nauyi ba a ɗora shi a babur, sai da mota, kuma tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin dako a Legas ya zama wani abu dabam. Sau da yawa rabin ragin da aka gani a shafin farko a nan yake narkewa. Sannan ta duba lambar samfurin, haruffa da lambobin da ke bin sunan kamfani, ta duba yawan lita. Firiza biyu na iya kama da juna a hoto kamar an tsaga kara, alhali ɗaya lita 200 ce ɗaya 250. Idan lambar ba ta zo daidai da ta Alaba ba, to ba farashin abu ɗaya kuke gwadawa ba.

Na biyu, abin da muke kira saye ta intanet ba kasuwa ɗaya ba ce. Akwai manyan manhajoji irin Jumia da Konga, waɗanda dukansu aka kafa a nan Legas a 2012. Mafi yawan kayan da ke cikinsu ba nasu ba ne. Rumfuna suke ba wa 'yan kasuwa, su karɓi la'ada a kan kowane ciniki, su kuma tsaya a tsakani wajen kuɗi da kai kaya. Da yawa daga masu rumfunan nan shagunansu na Alaba ko Computer Village ta Ikeja, wato ba mamaki firizar da 'yarki ta gani a waya tana jingine a layin da maigidanki zai kai ki. Akwai kuma Jiji, wadda allon talla ce kawai: ki ga kaya, ki kira mai shi, abin da ya biyo baya tsakaninku ne. Sai masu talla a Instagram da Facebook da WhatsApp, waɗanda a cikinsu akwai masu gaskiya sosai, amma idan aka ce ki tura kuɗi tukuna a kawo daga baya, babu wanda ya tsaya miki. Wannan shi ne cinikin biri a sama. Kuɗin adashin wata goma ba a tura shi asusun wanda ba a san ƙofar shagonsa ba, kome kyan hotunansa. Don haka ki tambayi yarinyar a wace manhaja ta gani, kuma wane ne mai sayarwar. Idan rumfar kamfanin da ya ƙera firizar ce ko ta babban dillalinsa, magana ta yi ƙarfi. Idan wani suna ne da bai yi ciniki goma ba, ki bar shi.

Me ke sa farashin waya ya sauka ƙasa da na shago? Wani lokaci ragi ne na gaskiya, musamman a watan Nuwamba lokacin garaɓasar Black Friday, ko idan kamfani na son kwashe tsohon samfuri. Wani lokaci kuma tsohon kaya ne da aka shigo da shi kafin dala ta tashi. Ki tuna a farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Kayan sanyi, ko da a nan aka harhaɗa su, kwamfuresa, wato injin da ke kawo sanyin, da sauran kayan cikinsu daga waje suke zuwa, shi ya sa mai shago yake duba farashin dala kafin ya buɗe baki. Akwai kuma dabarar rubuta wani babban kuɗi a ja masa layi, a sa ƙarami a ƙasansa, don ido ya ga ragi. Kada ki kalli wanda aka ja wa layi, ba wanda ya taɓa saye a haka.

Farashin Alaba shi ma ba a zaune yake ba, ta fuska biyu. Kuɗin da mai shagon ya faɗa wa maigidanki kuɗin buɗe baki ne. Za a taya, a ce albarka, a ƙara, a sallama, kuma wanda ya daɗe yana ciniki da mutum yana da bakin cewa a duba zumunci. Manhaja ba ta san wannan ba. A ɗaya fuskar kuma, daga Agege zuwa Ojo, inda kasuwar Alaba take, tafiya ce. Ku bi ta Iyana-Ipaja, ku ratsa Igando, ku faɗa Iyana-Iba, ga cunkoso, ga kuɗin motar mutum biyu zuwa, ga hayar motar da za ta ɗauko firiza, ga 'yan dako, ga wunin da ba ki dama kunu ba. Duk wannan ki rubuta shi a takarda ki haɗa da kuɗin kayan. Kuma idan kun isa, ku wuce kai tsaye shagon mutuminku. Samarin da ke tarbar mutane a bakin kasuwa suna cewa “zo in kai ka inda ya fi araha” 'yan kamasho ne, ladansu a cikin kuɗinki za a sa shi.

Yanzu ga inda na fi so ki tsaya ki yi tunani, wato abin da ke faruwa bayan an biya.

Na taɓa yin odar fanka mai tsayuwa ta wata manhaja. Mai babur ya iso da rana tsaka, yana ta kallon agogo don yana da sauran gidaje, na duba kwali na ga a rufe, na sa hannu ya tafi. Da dare na buɗe, sai ga fiffike ɗaya a tsage tun daga gindi. An karɓi ƙorafina, ba a yi min gardama ba, amma sai da na ɗauki hotuna, na cike fom, na jira a zo a ɗauka, na jira a duba, sannan kuɗin ya dawo. Kusan sati uku ina kiran lamba, kullum sabuwar murya, kullum in sake labari daga farko. Fanka ce, na haƙura da zafi. Ki ɗora wannan sati ukun a kan sana'arki, a ce kuɗinki na can, firiza babu, watan azumi ya kama, lokacin da ƙanƙara ke tsada kamar zinare. Wannan shi ne lissafin da ba ya fitowa a fuskar waya.

A shago kuwa za ki ce a farke kwali a gabanki, a jona wuta. Ki sa kunne ki ji kwamfuresa ta tashi da ƙara mai laushi, ba kakkaɓi ba. Ki jira minti 20 ko 30, ki sa tafin hannu a bangon ciki ki ji sanyi ya fara kamawa. Ki bi robar bakin murfi da yatsa ki ga ba inda ta saki, ki leƙa baya ki ga bututun ba su lanƙwashe ba, ba kuma alamar an taɓa gyara ta. Gani ya kori ji. Idan kuma bayan wata biyu ta yi gardama, maigidanki ya san layin, ya san lambar shagon, mai shagon kuma ya san idan ya yi wasa ya rasa kwastoman shekaru da duk waɗanda zai kawo masa daga Agege.

Sai dai kada in yi wa shago ado fiye da kima. Sanayya tana da kaifi biyu. Na ga mutanenmu da yawa sun rungumi kaya mai aibi saboda kunya, wai kada a ce sun tayar da magana da mutumin da ake gaisawa. Manhaja ba a jin kunyarta, kuma sharaɗin mayar da kaya a rubuce yake, galibi kwanaki ne ƙidayayyu daga ranar da aka kawo, ana iya karantawa kafin a biya. Wasu masu shaguna kuma suna bugawa a ƙasan rasit cewa kayan da aka saya ba a maidowa. Wannan rubutu ba ya kashe haƙƙinki. Dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da ya zo da aibi ko ya saɓa wa yadda aka siffanta shi, a shago ne ko a intanet. Jihar Legas ma tana da tata hukumar, LASCOPA, da ke sauraron irin wannan ƙorafi. Malamanmu na fiƙihu sun riga sun faɗi makamancin haka: ya halatta a sayi abin da ba a gani ba bisa siffa, idan ya zo ya saɓa wa siffar mai saye na da zaɓi, haka idan aka tarar da aibin da aka ɓoye. Amma duk wannan ba ya aiki sai da shaida a hannu.

Shaidar ita ce rasit da katin garanti. Garanti na gaskiya na kamfani ne, ba na mai shago ba, ba kuma na manhaja ba. Kamfanonin da kayansu suka cika kasuwar nan, irin Haier Thermocool da Hisense da LG da Scanfrost, suna da wuraren gyara a Legas. Abin da za su nema shi ne rasit mai kwanan wata da lambar jikin firizar, da kati mai hatimin wanda ya sayar. Ki tsaya sai an rubuta lambar nan a rasit, ki gwada ta da wadda ke manne a bayan firizar harafi da harafi. Ki tambaya garantin na shekara nawa ne a kan jiki, na nawa a kan kwamfuresa, don sau da yawa ba ɗaya ba ne. Wanda ya ce miki “ni ne garantin, Hajiya, ki kira ni kawai”, ki gode masa, ki ce ya rubuta.

Akwai kayan da ni kaina ba na tashi in je kasuwa saboda su. Abu ƙarami, rufaffe daga kamfani, mai lamba sananniya, wanda idan ya yi jinkirin sati ba abin da zai tsaya, odarsa ta fi sauƙi, musamman ga matan da fita ke yi musu wuya. Idan da zaɓin a biya bayan an kawo, shi za a ɗauka, hannu da hannu cinikin makaho. Atamfa da leshi kuwa sai an taɓa, launin da waya ke nunawa ba shi ne na kasuwar Balogun ba.

Wani abu da ba ki tambaya ba amma ya fi dubu 30 nauyi: wuta. A Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, zuwa naira 225 kowane yunit, sauran rukunai kuma wutar ba ta zama. Ki duba rukuninku a takardar mita. Ki tambayi nawa firizar ke ci, da awa nawa take riƙe sanyi bayan an ɗauke wuta, don kaurin bangon firiza shi ne rabin sana'ar ƙanƙara. Ki kuma ware kuɗin sitabilaiza, na'urar daidaita ƙarfin wuta, tun yanzu, saboda garanti ba ya ɗaukar kwamfuresar da hawa da saukar wuta ya ƙona.

Da ni ne ke, ga yadda zan yi. 'Yarki ta ɗauki hoton shafin ƙarshe, mai ɗauke da lambar samfuri da jimillar kuɗi har da na kawowa. Maigidanki ya tura wa mutuminsa na Alaba, ya ce ga abin da muka gani, nawa za ka sallama ka kuma kawo mana Agege? Masu shagunan sun san farashin manhaja fiye da mu, da yawansu za su sauko kusa da shi. Ku kuma leƙa shagunan dillalan kamfani da ke Ikeja da Ogba, sun fi kusa da ku, dako zai yi sauƙi. Idan bayan an haɗa kome bambancin bai wuce dubu 10 ko 15 ba, ki saya a shago. Idan har yanzu ratar na da faɗi, kuma rumfar kamfanin ce da kanta a manhajar, ki yi oda, amma ranar da aka kawo kada motar ta tafi sai an buɗe kwali kin duba, yarinyar na ɗaukar bidiyo tun daga yanke igiya.

Ko ta ina ta zo, a ɗauko ta a zaune yadda take aiki, kada a kwantar da ita a gefe don ta shiga mota. Idan ta iso, a ajiye ta nesa da murhu, a bar tazara tsakaninta da bango, a ba ta awanni man kwamfuresa ya koma mazauninsa kafin a jona, gara ma ta kwana. Washegari ki kunna ta babu kome a ciki har ta yi sanyi sosai, sannan ki fara jera ledojin ruwa.