Amsar Tambayar Yaya Kan Aikin 'Yarsa Lauya

Assalamu alaikum, Yaya. Ina fata kana lafiya, kai da iyali da sauran mutanen gida. Saƙonka ya iso, na kuma fahimci abin da ke damunka. Ka ce ka ji 'yarka ta zama lauya, amma da ka tambaye ta ko shari'ar fili take yi, ko ta gado, ko ta masu laifi, sai ta ce maka babu ko ɗaya, kamfanoni ne take tsaya wa idan sun yi rigima a kan dabara. Ka ce ilimi na Allah ne, yaya za a yi mutum ya mallaki dabara har ya kai ɗan'uwansa ƙara? Kuma yaya Hausawan da ke nan Amurka suke kallon irin wannan abinci? Tunda kai ne uba babba, dole in yi maka bayani dalla-dalla.

Ka san yadda ake tsare sirrin sana'a a gida. Marini ba ya faɗa wa baƙo abin da yake zubawa a karofi. Mai maganin gargajiya yakan riƙe haɗinsa har sai tsufa ya kama shi, sannan ya kira ɗa guda ya raɗa masa. In kuwa ajali ya riga shi, ilimin ya tafi kabari tare da shi. Mutanen nan wata hanya suka ɗauka. Gwamnati ta ce wa mai ƙirƙira: fito da sirrinka fili, ka rubuta shi yadda duk gwanin fannin zai karanta ya iya yi, mu kuma mu hana kowa ƙera shi ko sayar da shi ba da izninka ba har shekara 20 daga ranar da ka shigar da takarda. Wa'adin na cika, abin ya zama na kowa. Wannan ciniki yana cikin tsarin mulkinsu, dokar farko kuma ta fito a 1790. Takardar mallakar ƙirƙira ta farko, wadda shugaba George Washington ya sa wa hannu a wannan shekara, an ba wani Samuel Hopkins ne a kan sabuwar hanyar tace gishirin toka, irin wanda ake sabulu da shi. Yau ofishin da ke bayar da takardun yana garin Alexandria a jihar Bajiniya, ya kuma bayar da sama da miliyan 12.

To ina rigimar take? A ƙarshen kowace takarda akwai wasu jimloli masu lamba da ke zana iyakar abin da mai ƙirƙira ya ce nasa ne. Kamar iyakar gona ce, sai dai da kalmomi aka kafa ta maimakon aduwa ko tarin duwatsu, saboda haka duk faɗan a kan inda kalma ta tsaya ne. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1996 a shari'ar Markman, alƙali ne ke yanke ma'anar waɗannan kalmomi a zama na musamman, kuma sau da yawa a nan ake gane wanda zai ci. Wanda ake ƙara yana da bakin magana biyu: ko ya ce bai taka iyakar ba, ko ya ce takardar tun asali ba ta cancanta ba, don abin ba sabo ba ne. Wannan na biyun shi ke sa lauyoyi tonon tsofaffin mujallun kimiyya da kundayen ɗalibai da takardun Japan da Jamus na shekaru aru-aru.

Kuɗin da ke ciki ba na wasa ba ne. A 2012 masu taimaka wa alƙali yanke hukunci a garin San Jose sun ce Samsung ta biya Apple sama da dala biliyan 1 a kan ƙirar waya. Aka yi ta ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli a 2016, aka sake zama a 2018 kuɗin ya koma dala miliyan 539, sannan suka sasanta a wannan shekarar. Kuma masu yanke irin wannan hukunci talakawan gari ne, malamin makaranta, direba, ma'aikaciyar asibiti, ba masana kimiyya ba. Gwanintar lauyan ita ce ya fahimci abin da injiniya ya ƙera, ya kuma iya bayyana shi ga wanda bai taɓa buɗe cikin waya ba. Daga nan Dalas inda muke, tafiyar awa biyu da rabi ce zuwa wani ƙaramin gari mai suna Marshall, mutanensa ba su kai dubu 25 ba, amma a 2015 sama da kashi 40 cikin 100 na irin waɗannan ƙararraki na ƙasar duka a gundumar kotun tarayya ta wannan yanki aka shigar da su, saboda masu ƙara na ganin sun fi samun sauri da nasara a can. Kotun Ƙoli ta rage abin a 2017, amma har yau manyan lauyoyi na cika masaukan garin.

Hanyar da yarinyar ta bi doguwa ce. A nan ba a shiga karatun lauya daga sakandare. Sai an yi digiri na shekara 4 a wani fanni, sannan shekara 3 a makarantar lauyoyi, sannan jarrabawar lasisi ta jiha. Ita kimiyyar haɗa magunguna ta fara karantawa, muna ta zaton likitanci za ta nufa. Mai son ya riƙa rubuta takardun ƙirƙira yana shigarwa a ofishin gwamnati dole ya zama ya karanta kimiyya ko injiniyanci, ya kuma ci wata jarrabawa ta daban. Mai tsayawa a kotu ba a wajabta masa ba, amma wanda yake da shi ya fi samun kasuwa.

Kada ka zaci kullum tana gaban alƙali. Shekarun farko karatun takardu ne, dubbai a kan dubbai, saƙonnin da ma'aikatan kamfani suka aika wa juna da littattafan ɗakin gwaji. Sai zaman yi wa shaidu tambayoyi bisa rantsuwa, wanda doka ta ƙayyade wa awa 7 ga kowane shaida. Galibin ƙararrakin ma sasantawa ake yi kafin ranar shari'a. Lokacinta kuwa minti shida-shida ake lissafa shi, ana son kusan awa 2,000 a shekara da za a caji wanda ake tsaya wa. A 2024 manyan ofisoshi sun riƙa biyan sabon shiga dala 225,000 a shekara, na san in ka juya shi zuwa naira zai yi maka yawa. Ka cire haraji da hayar gida da bashin makaranta, don kuɗin karatun lauya a manyan jami'o'i ya haura dala 60,000 a shekara. Ka cire kuma barcin da ba a samu.

Wannan bashin shi ne abin da ya fi raba kawunan mutanenmu a nan, domin akwai ruwa a cikinsa. Wasu iyaye sun ƙi shi ɗungurungum, suka ce yaro ya zauna a gida ya yi jami'ar jiharsa mai sauƙi, ko ya yi aiki shekara biyu ya tara. Wasu sun karɓa bisa larura, da niyyar biya cikin gaggawa. Muna da adashi, muna kuma da asusun taimakon juna a masallaci, amma ba sa ɗaukar nauyin irin wannan karatu. Mu namu, ta zauna a gida, ta samu tallafin da ya rage rabi, muka ƙuƙuta da sauran. Ba na zargin wanda ya yi akasin haka, kowa ya san inda takalminsa ke matsa masa.

Game da yadda ake kallon lauya, mu ma da tunanin gida muka zo, cewa lauya mai juya gaskiya ne. Shi ya sa 'ya'yanmu na farko duk likitanci da injiniyanci da aikin jinya aka tura su. Zama ne ya koya mana. A ƙasar nan in Musulmi ya rasu bai bar wasiyya a rubuce ba, dokar jiha ce za ta raba dukiyarsa, ba ruwanta da rabon da Alƙur'ani ya yi. Takardar zama, hayar shago, haɗarin mota, komai sai da lauya. Yanzu a wurin suna ko biki, in aka ce ga lauya 'yar gida, za ka ga dattawa na jan ta gefe. Da farko hakan ya jawo mata baƙin jini, domin tana ce musu wannan ba fanninta ba ne, wasu suka ɗauka girman kai ne ko rowa. Gaskiyar ita ce lauyan nan in ya tsoma baki a abin da bai ƙware ba ya ɓata wa mutum lamari, lasisinsa na iya tafiya. Abin da muka daidaita a kai shi ne, ta saurari mutum da ladabi, ta haɗa shi da wanda ya dace, ta kuma duba kada a cuce shi a kuɗin aiki. Da wannan kowa ya gamsu. Sallarta da lulluɓinta kuwa ba su zama matsala ba. Dokar 1964 ta hana nuna bambancin addini a wurin aiki, Kotun Ƙoli ma ta tsaya wa wata yarinya Musulma a 2015 da aka hana aiki saboda ɗankwalinta. Azumi a makon shari'a dai akwai wuya, sai haƙuri.

Batun halacci, ba ni da ilimin ba da fatawa, amma Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a 1988 ta yanke cewa haƙƙin marubuci da na mai ƙirƙira da alamar kasuwanci haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare, bai halatta a keta su ba. Mafi yawan malamanmu na nan a kan haka suke. Duk da haka damuwarka tana da tushe, kuma wurin da take da tushe shi ne magani. Lokacin da cutar ƙanjamau ke kashe mutane a Afirka, maganinta na shekara ya haura dala 10,000, saboda takardun mallaka na hannun 'yan kamfanoni kaɗan. Afirka ta Kudu ta yi doka a 1997 don samo mai rahusa, kamfanoni 39 suka kai ta ƙara, sai a watan Afrilun 2001 suka janye bayan duniya ta yi musu ca. A wannan shekarar kamfanin Cipla na Indiya ya ce zai ba da haɗin magani uku a kan dala 350 a shekara, sannan taron ƙungiyar kasuwanci ta duniya a Doha ya tabbatar cewa ƙasa na da ikon fifita lafiyar jama'arta. A kowane ɓangare na wannan faɗa lauyoyi irin 'yarka ne suka tsaya. Ni zuciyata tana tare da masu neman a sauƙaƙa magani, na kuma faɗa mata. Ta ce mini ƙaramin lauya ba ya zaɓar shari'ar da za a ba shi, amma rabin aikin fanninta karya takardun da ba su cancanta ba ne, domin dokar 1984 ta ba masu yin magani mai rahusa damar ƙalubalantar takardar babban kamfani tun wa'adinta bai ƙare ba. Waɗanda take tsaya wa ba ta faɗa mini, amanar aiki ta hana, ni ma ba na tambaya.

Akwai wani abu da ya fi wannan hana ni barci. A 1995 aka ba wasu masu bincike a jami'ar Mississippi takardar mallaka a kan warkar da rauni da kurkum. Indiya ta kawo tsofaffin rubuce-rubucenta ta nuna kakanninsu sun daɗe da sanin haka, aka soke takardar a 1997. Haka aka yi da darbejiya: ofishin Turai ya ba da takarda a 1994 a kan maganin cutar shuka daga man 'ya'yanta, aka soke a 2000, aka tabbatar da sokewar a 2005. Abin da ya ba su nasara hujja ce da za a iya ajiyewa a gaban alƙali. Mu fa? Abin da Inna ta sani game da sabara da marke da hano, wa ya rubuta? Kundayen ajami da ke cikin gafakar malamai, wa ya tattara su yadda mai tantance takarda zai gani? Cibiyar binciken magunguna ta Abuja ta nuna ana iyawa, da ta yi wa maganin sikila na Niprisan rajista a nan Amurka, kuma cikin haɗinsa akwai masoro da kanumfari da karan dafi. Nijar ma, ta ƙungiyar OAPI da ke rajistar irin waɗannan haƙƙoƙi ga wasu ƙasashen Afirka, mai hedikwata a Yawunde, ta yi wa kilishinta da albasar Galmi rajistar sunan asali. Irin wannan aiki ne nake yi wa yarinyar addu'ar ta juyo gare shi in ta yi ƙarfi.

Sai maganar ɗana da ka ce ya haɗa injin ɓare gyaɗa kuma yana sha'awar wannan layi. Ka ce masa ya daina sa hoton cikin injin a Facebook tukuna. A ƙasashe da yawa, da zarar ka nuna wa duniya abu kafin ka shigar da takarda, sabuntarsa ta faɗi. Amurka na cikin masu ɗaga ƙafa na shekara ɗaya. Ya riƙe littafi yana zana komai da kwanan wata. Rajistar Najeriya a Abuja ake yinta a ƙarƙashin dokar 1970, shekara 20 ita ma, amma ba a bincika ko abin sabo ne kafin a bayar, saboda haka ƙarfinta sai an je Babbar Kotun Tarayya ake sani, kuma ba ta aiki a wajen ƙasar. Hukumar NOTAP ta gwamnatin Najeriya mai kula da harkar fasaha tana taimaka wa masu ƙirƙira wajen shigar da takarda, ya fara da su. Karatunsa na injiniya kuma kada ya sake shi don lauyanci, ya gama shi da sakamako mai kyau, domin shi ne jarinsa a wannan fanni. Yayarsa ta ce ya turo mata zanen ta waya ita kaɗai, za ta duba ta kira shi ranar Lahadi bayan la'asar ɗinku.

A gaida Hajiya da yara, a kuma gaida mini Liman. Allah ya bar zumunci.

Ƙaninka.