Ga 'yar uwar da taurin bayan gida ya hana sakat

Salamu alaikum 'yar uwa, sannu, Allah ya ba ki lafiya. Kin ce sai ki yi kwana huɗu biyar ba ki zagaya ba, kina tambaya ko garin psyllium ɗin nan, na ɓawon 'ya'yan wani tsiro, da ake sayarwa a farmasi yana aiki. Wallahi kamar ni kika rubuta.

Ni nawa bayan haihuwa ya kama ni, ina shan ƙwayar ƙarin jini ashe ita ma tana busar da ciki. Sai wata mai tallan magani da ke shiga gida gida ta ɗora min kwalba jika biyar, wai wankin ciki daga waje, ta rantse ta maya. Filasko ne ta dafa ta zuba wa kala! Daren nan murɗa ta naɗe ni, ina durƙushe a makewayi zufa na zuba, jaririya na tsala kuka a ɗaki na kasa tashi in ɗauke ta, ƙafafuna sun mutu. Da zawon ya tsaya cikin ya koma ya ƙulle fiye da da, yunƙuri ya fito min da basir. Kuma matar nan ta dawo ba kunya wai ƙazanta ce ke fita, in ƙara kwalba guda. Har yau in na gan ta raina ɓaci yake, Allah ya isa.

Psyllium kam ya taimake ni, amma don Allah kar ki haɗiye shi a bushe. Ƙaramin cokali ki fara da shi cikin kofi cike da ruwa, ki shanye maza kafin ya yi kauri, ki bi da wani ruwan, don in ruwa ya yi kaɗan toshewa zai ƙara miki. Ba nan take yake aiki ba, yakan kai kwana 2 ko 3, da farko ma ciki na ɗan kumburi. In kina shan wani magani ki sa awa 2 tsakaninsu.

Kuma da zafin Maraɗin nan ki riƙa shan ruwa sosai. Ga zogale ko'ina a kasuwa, ki yi kwaɗonsa, ki ci wake da miyar kuɓewa da gwanda, ki rage burodi da farar shinkafa. Kar ki riƙe bayan gida in ya zo don kunyar baƙi ko surukai, mu mata wannan ke cutar mu.

In kin ga jini ko kina ramewa ko amai, ki bar zancen gari ki je asibiti. Ciki gare ki ko shayarwa kike? Faɗa min don in san me zan ƙara miki.