Yadda Dila Yake Gane Inda Masu Shan Lemo Suka Dosa

Yarona, ka tambaye ni cewa tun da ana ta faɗa mutane sun fara guje wa lemo mai sukari, suna komawa ruwan roba da lemon da ba a sa wa sukari ba, me ya sa har yanzu mai sukarin ne yake fara ƙarewa a sito, kuma idan lokacin yin oda ya zo, wanne za ka bi tsakanin maganar masu rahoto da abin da idonka yake gani. Duka biyun gaskiya ne, sai dai kowanne ma'auninsa daban. Masu rahoto suna magana ne a kan alƙiblar da kasuwar ƙasa gaba ɗaya ta fuskanta, kai kuwa kana kallon abin da ya fi yawa a yau, kuma abin da yake raguwa a hankali yana iya shafe shekaru yana riƙe da kambun kasuwa kafin wani ya ƙwace.

Dubi Amurka. Yawan lemon da mutum ɗaya yake sha a shekara ya kai ƙololuwa a wajajen 1998, daga nan ya fara sauka, amma sai a 2016 ruwan roba ya zarce shi a yawan litar da ake sayarwa. Kusan shekara ashirin ke nan ana cewa lemo yana faɗuwa, alhali shi ne a gaba. Ko a shekarar da ruwan ya wuce shi a lita, kuɗin da lemo yake shigowa da su sun fi na ruwa nesa ba kusa ba, domin litar lemo ta fi litar ruwa tsada. Dilan da ya ji labarin faɗuwar lemo a farkon wannan tafiya ya kwashe jarinsa ya zuba a ruwa kaɗai, ya bar ciniki mai yawa ga maƙwabcinsa. Wanda kuma ya toshe kunnensa ya ce lemo ba zai taɓa gushewa ba, ya wayi gari wasu sun riga shi kama hanyar rarraba ruwa.

Saboda haka, duk lokacin da aka ce maka kasuwar wani abin sha ta ƙaru, ka fara tambaya ko da lita aka auna ko da kuɗi. A shekarar da farashi ya tashi, kuɗin ciniki suna iya ƙaruwa alhali katan ɗin da suka fita sun ragu, kuma mai karanta jimillar kuɗi kaɗai zai ɗauka kasuwa ta buɗe, bayan kuwa mutane sun rage sha ne suna biyan tsada. Haka nan kada ka gwada wannan wata da wanda ya gabace shi, domin zafi da sanyi da lokutan bukukuwa suna ɗaga ciniki su sauke shi ba tare da ra'ayin kowa ya sauya ba. Ka gwada shi da takwaransa na bara da na bara waccan.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne cewa bakin mai saye da hannunsa ba sa tafiya tare a kullum. Idan aka tare mutum da takardar tambayoyi, zai ce ya rage sukari, kuma ba ƙarya yake yi ba, niyyarsa ce yake faɗa. Amma idan ƙishirwa ta kama shi a gaban firji, hannunsa yana zuwa ne kan abin da ya saba da shi, mai sanyi, wanda kuɗin aljihunsa za su iya. Kamfanin Coca-Cola da kansa ya sha wannan darasi a 1985. Ya ɗanɗana wa mutane kusan dubu ɗari biyu sabon haɗi ba tare da sun ga suna ba, mafi yawansu suka fifita shi, sai ya janye tsohon lemon a watan Afrilu ya fito da New Coke. Jama'a suka yi caa a kansa, kuma bayan kwana 79 aka dawo da tsohon. Kurɓi ɗaya a ɗakin gwaji bai nuna abin da mutum zai yi ba idan aka raba shi da abin da ya taso yana sha.

Ma'aunin da ba ya yaudara a sana'armu shi ne maimaita saye. Buɗe littafin sito ka duba duk wani sabon kaya da kamfani ya kawo. Oda ta farko ba ta nuna komai, domin kamfani ya haɗa ta da garaɓasa, ya ba da katan ɗaya kyauta a kan adadi kaza, ya manna hotuna, wataƙila ma ya ajiye wa mai shago firji, kuma kowa yana son ɗanɗana sabon abu. Oda ta biyu ma tana iya zama ragowar wannan zumuɗi. Ta uku da ta huɗu, bayan an janye garaɓasa an koma cikakken farashi, su ne shaidar cewa akwai mutanen da suka sha suka dawo. Ka kuma bambance kayan da ya fita daga sitonmu da kayan da ya fita daga shago. Idan ka kai kaya, kada ka tsaya a bakin ƙofa ka karɓi kuɗi ka juya. Leƙa firjin, ka ga wane layi ne ya yi giɓi, wanne ne yake cike tun zuwanka na baya, ka ɗauki kwalba ɗaya daga can baya ka karanta ranar da aka buga a wuyanta. Idan lambar rukunin da ka kawo wata biyu da suka wuce ce har yanzu take nan, to wannan kaya ya yi kwantai, ko da littafinmu ya nuna an sayar da shi.

Bayan ka tabbatar sauyin na gaske ne, sai ka nemi musabbabinsa, domin musabbabin ne yake gaya maka ko zai daɗe. Wani sauyin daga ran mai saye yake fitowa, wani daga aljihunsa, wani kuma daga dokar gwamnati, kuma a takarda duk kama ɗaya suke yi.

Maganar sukari ita ce ta fi nuna wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum yake samu a rana, wato kimanin giram 50 ga babban mutum, alhali gwangwani ɗaya na Coca-Cola mai mililita 330 yana ɗauke da giram 35. Ƙasashe da dama sun bi wannan damuwa da haraji, amma ba iri ɗaya suka yi shi ba, kuma sakamakon ya bambanta. Meziko ta sa peso ɗaya a kan kowace lita daga Janairun 2014, ba tare da duba yawan sukarin da ke ciki ba, farashi ya tashi, sayen lemon da aka sa wa harajin ya ragu da kimanin kashi 6 cikin 100 a shekarar farko, kuma gidajen talakawa ne suka fi ragewa. Birtaniya kuwa ta sanar da nata a 2016, ya fara aiki a Afrilun 2018, ta kuma yi shi hawa-hawa: a lokacin da ya fara, abin sha mai ƙasa da giram 5 na sukari a mililita 100 ba ya biyan komai, daga giram 5 ana biyan feni 18 a lita, daga giram 8 kuma feni 24. Kafin ranar ta zo, kamfanoni da yawa sun rage sukarin da ke cikin lemonsu don su faɗo ƙasa da layin haraji, ciki har da masu yin Lucozade da Ribena da Irn-Bru, yayin da Coca-Cola ya bar asalin lemonsa yadda yake ya ɗora kuɗin a kan farashi. Wanda ya karanta cewa sukarin da ake sha a Birtaniya ya ragu, sai ya zaci mutane ne suka juya wa lemo baya, alhali yawancinsu suna sayen sunan da suka saba saye, abin da ke cikin kwalbar ne aka sauya. Ga dila, bambancin nan babba ne: a hali na farko yawan katan ne yake raguwa, a na biyu kuwa katan ɗin suna nan, sai dai ka sa ido ko sabon ɗanɗanon zai kori tsofaffin kwastomomi.

Shi ma lemon da ba shi da sukari bai tsira daga surutu ba. A 2023 sashen binciken ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sa aspartame, ɗaya daga cikin sinadaran da ake zaƙaƙa irin wannan lemo da su, a rukunin abubuwan da mai yiwuwa suna iya haifar da cutar, yayin da kwamitin da ke kula da abubuwan da ake ƙarawa a abinci ya bar adadin da aka yarda a sha a rana yadda yake, miligiram 40 a kan kowane kilo na nauyin jiki. Labari irin wannan yana girgiza ciniki na ɗan lokaci, kuma a ganina dila ba ya sauya tsarin odarsa saboda kanun labarai na mako guda, yana jira ya ga abin da ya rage bayan ƙura ta lafa.

Sauyin da yake fitowa daga aljihu ya fi saurin bayyana, kuma a girman mazubi ake fara ganinsa. Idan rayuwa ta yi tsada, mai saye ba ya daina shan lemo kai tsaye. Yana sauka zuwa ƙaramar kwalba, ko ya koma wani suna mai araha, magidanci kuma ya sayi babbar roba a raba a gida. Ƙaramar kwalba ta fi tsada idan aka lissafa da lita, amma mai saye yana lissafi ne da abin da ke hannunsa a wannan lokaci, shi ya sa kamfanoni suka fi son rage mazubi a kan su tsallake farashin da mutane suka saba biya. Irin wannan sauyi yana juyawa idan kuɗi suka dawo hannun jama'a, don haka kada ka ɗauke shi a matsayin sauyin ɗanɗano.

Ruwan roba ma ba dalili ɗaya yake sa a saye shi ba. A wata ƙasar ana sayensa ne don gudun sukari, a wata kuma don ba a amince da ruwan famfo ba, kuma wannan na biyun buƙata ce da ba ta da alaƙa da yayi. Ka san wanne ne yake aiki a kasuwar da kake ciki, kuma ka tuna ruwa kaya ne mai nauyi mai ƙaramar riba, wanda kuɗin mota suke iya cinye ribarsa idan hanya ta yi nisa.

Lemon ƙara kuzari shi ne yake kunyata masu cewa kowa ya koma neman lafiya. Tun da Red Bull ya fito a Ostiriya a 1987 wannan ɓangare yake bunƙasa, musamman a tsakanin matasa da masu aikin dare da direbobi, duk da tsadarsa da sukarinsa. Gwangwani mai mililita 250 yana ɗauke da miligiram 80 na sinadarin kafeyin, kuma wannan ne ya jawo hankalin hukumomi: Lituweniya ta haramta sayar da shi ga 'yan ƙasa da shekara 18 a 2014, Folan ta bi sahu a 2024. Ribarsa tana da daɗi, amma duk ɓangaren da yake dogara da matasa kuma doka take kallonsa, ba a zuba masa jarin da ba za a iya janyewa da wuri ba.

Yanzu ga yadda za ka yi da odar da ke gabanka. Mafi yawan jarin zai ci gaba da zama a kan kayan da suke juyawa da sauri, ko da rahoto ya ce suna sauka, sai dai ka riƙa rage su daidai da raguwar da littafinka ya nuna, ba daidai da yawan surutun da ake yi ba. Ka ware ɗan kaso, wanda asararsa ba za ta karya mu ba, don sababbin kaya, ka ɗauko kaɗan-kaɗan ka raba wa shagunan da masu sayensu suka bambanta, domin abin da ya karɓu a kusa da makarantu da ofisoshi ba lallai ya karɓu a tashar mota ba. Ka fi yin taka-tsantsan da lemon da ba shi da sukari, domin aspartame yana rasa zaƙinsa idan ya daɗe, zafi kuma yana gaggauta hakan, shi ya sa wa'adinsa ya fi na mai sukari gajarta. Lemon roba ma iskarsa tana zurarewa ta jikin robar a hankali, ƙaramar roba ta fi babba saurin salancewa, gwangwani da kwalbar gilashi kuma sun fi riƙe ta. Idan mai saye ya gwada sabon lemo karo na farko ya same shi salam saboda ya daɗe a rana a bayan sito, ba zai ce dila ne ya ɓata shi ba, zai ce lemon ba shi da daɗi, kuma kai ma za ka rubuta a littafi cewa kasuwa ta ƙi shi. Don haka ka jera sabon kayan a inuwa, wanda ya fara shigowa shi ne zai fara fita, kuma ka kawo mini lissafin kowane shago bayan oda ta uku mu duba tare kafin mu ƙara adadi.