Kafin ka kai MacBook ɗin nan kasuwa, Malam

Wa alaikumus salam. Malam, tun da safe na ga tambayarka, sai yanzu na samu zama. Ka ce yayanka ya aiko maka da MacBook Air daga waje, kai kuwa shekara goma kana kan Windows, yau kwana huɗu ko kwafar rubutu ka kasa yi cikin daɗin rai, har kana tunanin sayar da ita ka karɓo HP ka huta. Na ga amsoshin da aka ba ka, masu cewa sayar da masu cewa ai Mac ta fi komai. Ni abin da ya same ni zan ba ka labari, domin a 2022 na yi irin wannan ƙaura, kuma sai da na ji a jikina.

Aikina fassara ne da buga takardu, a kan allon madannai nake wuni. Satin farko ƙaramin yatsana bai daina neman Ctrl ba. In danna Control da C, in je in danna Control da V, shiru. A Mac, Command ne ke wannan aikin, maɓallin da ke maƙwabtaka da dogon maɓallin tazara, kuma da babban yatsa ake danna shi. Command da C, Command da V, Command da Z, Command da S, duk abin da ka sani yana nan, gida kawai ya sauya. Sabo turken wawa, in ji masu magana. Ni sai da na manna 'yar farar takarda a kan Command ɗin, matata tana ta yi mini dariya wai kwamfutar tsada da filasta a fuska. Bayan sati biyu na ɓare ta, hannu ya gane hanya.

Akwai wasu ƙananan abubuwa masu tayar da hankali. Jan ɗigon da ke sama ta hagu taga kawai yake rufewa, manhajar tana nan da ranta sai ka danna Command da Q. In ka zaɓi fayil ka danna Enter, ba buɗewa zai yi ba, sunan zai ba ka ka canza. Danna-dama kuma da yatsu biyu ake yi a kan faifan taɓawa. Wanda ya fi yi mini amfani shi ne Command da tazara: ka rubuta harafi uku na sunan fayil ko manhaja, ta fito maka. Tun da na saba da shi na daina yawo cikin folda.

Amma duk waɗannan wasa ne. Inda na sha wuya shi ne ranar da zan miƙa wani aiki mai shafi 140 da safe. Misalin ƙarfe ɗaya na dare na gama, na jona babbar ma'ajiyata ta waje wadda duk ayyukana na shekaru ke ciki, na ja fayil ɗin zan saka, ya ƙi shiga. Na sake ja, ya dawo. Ga tsofaffin takarduna ina gani, ina buɗe su, amma ko wasali ɗaya ba na iya ƙarawa. Na zare, na hura bakin wayar kamar kaset ɗin da, na mayar, haka dai. Har na fara zargin an sayar mini da lalatacciyar kwamfuta. Ashe ma'ajiyar a tsarin NTFS take, na Windows, shi kuma Mac yana karanta NTFS amma ba ya rubutu a kansa. Maganin shi ne a mayar da ita exFAT, wanda kowannensu ke karantawa yana kuma rubutawa, kuma Disk Utility da ke cikin kwamfutar ne ke yi. Don Allah a nan ka natsu: sauya tsarin yana share duk abin da ke ciki, kaf. Sai ka kwashe kayanka zuwa wani wuri tukuna. Ni a daren nan ta imel na tura wa kaina aikin, da safe na sauke a shagon buga takardu.

Tunda na ambaci jona waya, in taka irin tawa ce, mai injin M1 na Apple da ta fito a ƙarshen 2020, ƙofofi biyu ne kacal na USB-C sai ta abin sauraro. Filashinka ba zai shiga ba, wayar majigi ma haka. Ka sayi adafta mai baki da yawa, kada ka sayi mafi araha, ta farko da na saya zafi take kamar dutsen guga. Haka in wayarka Android ce, jona ta da kebul ba zai nuna maka hotunanka kai tsaye ba yadda ka saba. Ni LocalSend nake amfani da ita, kyauta ce, in wayar da kwamfutar suna kan hotspot ɗaya shi ke nan.

Ga abin da ya kamata ya yanke maka hukunci, kuma ban ga wanda ya tambaye ka ba: da wace manhaja kake cin abinci? Fayil mai .exe, wato manhajar Windows, ba ya aiki a Mac kai tsaye. Word da Excel da PowerPoint suna da na Mac, takardunka za su buɗe lafiya. CorelDRAW ma yana da na Mac tun 2019. Amma Access babu, Publisher babu, kuma yawancin ƙananan manhajojin lissafin shago da na makarantu da ake rubuta wa mutane a nan gida na Windows ne zalla. Masu Mac na da, mai Intel, suna iya saka Windows a gefe ta Boot Camp, masu M1 zuwa sama ba su da wannan ƙofar, sai dai manhajojin da ke gudanar da Windows a cikin Mac, irin su Parallels, shi kuma kuɗi ne. Sannan wancan yaron da ke zuba maka manhajoji ashirin daga filashi a kan dubu biyu, yawanci ba shi da abin da zai zuba maka a nan. In sana'arka ta rataya a kan ɗaya daga cikin waɗannan, to ba na jin kunyar ce maka ka sayar. In kuwa rubutu ne da intanet da Zoom da kallon karatu, riƙe abarka.

Dalilina batir ne. A ɗauke wuta da safe, in yi aiki har la'asar ban nemi caji ba, ba fanka ba ƙara. Tsohuwar tawa kuwa minti arba'in take yi ta mutu, sai in tashi neman mai janareta. Wanda bai zauna a unguwa irin tamu ba ba zai san girman wannan ba. Sai dai ka kula da data: babban sabuntawar macOS yakan haura gigabait 10, ka kashe saukewa da kanta, ka bari sai ka samu Wi-Fi.

Haruffanmu masu lanƙwasa fa? Nan ma na ɗan yi dawurwura. Ka shiga saitin allon madannai ka ƙara wanda ake kira ABC – Extended. Ka danna Shift da Option da aya tare, ka saki, sannan ka danna k, sai ƙ ta fito. Haka ɗ da ɓ da ƴ. Da farko kamar wahala, yanzu ban ma san ina yi ba.

Abu biyu ka yi yau, ko za ka riƙe ko za ka sayar. Ka kira yayanka ya tabbatar ya fitar da Apple ID ɗinsa, wato asusunsa na Apple, ya kashe Find My mai gano na'ura in ta ɓata, domin in an goge kwamfutar asusunsa na ciki, za ta kulle, ba mai buɗe ta sai da kalmar sirrinsa, kuma 'yan kasuwa da kuɗin kayan gyara za su taya ta. Sannan ka shiga System Information, ɓangaren Power, ka duba sau nawa batirin ya zagaya caji. An yi shi ne don ya kai wajen 1,000, tawa na same ta a ɗari biyu da 'yan kai.

In har ka dage sai HP, to ka sani Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma tana neman Intel na zubi na takwas zuwa sama, tare da wani ɓangaren tsaro da ake kira TPM 2.0. Da yawa daga cikin na hannun da ke cike da kasuwa ba su kai nan ba, kada a karɓe maka doki a ba ka jaki da sabon sirdi.

Ni shawarata ka ba ta sati uku, ka ɓoye tsohuwar kwamfutarka inda hannu ba zai kai da sauƙi ba, in ba haka ba kullum can za ka koma. Tawa tana ƙarƙashin gado har yau, sau ɗaya a wata nake jawo ta saboda wata tsohuwar firinta da ta ƙi gaisawa da Mac ɗin. Ka danna alamar tuffa a sama ta hagu, ka shiga About This Mac, ka turo mana shekararta da irin injinta, tare da sunan manhajojin da kake aiki da su, sai in duba maka waɗanda za su hau.