Amsa kan ziyarar Banc d'Arguin a Muritaniya

Ɗan'uwa, ka tambaya ko zuwa Banc d'Arguin ya cancanci wahalar hanya, da kuma lokacin da ya fi. Wallahi ya cancanta. Gandun tsuntsaye da halittun ruwa ne da ke gaɓar tekun Atlantika tsakanin Nuwakshot da Nuwadibu, an kafa shi a 1976, UNESCO ta sa shi cikin wuraren gado na duniya a 1989.

Ka je cikin Disamba ko Janairu, lokacin da tsuntsaye daga Turai da Saiberiya suke cika bakin ruwa. Ka ɗauki mota mai jan ƙafa huɗu da direban da ya san yashin, don daga Chami, garin da ke kan titin Nuwakshot zuwa Nuwadibu, hanyar hamada ce zalla. Ka riƙe ruwan sha da yawa.

Abin da ya fi shiga raina shi ne masuntan ƙabilar Imragen na ƙauyen Iwik. An hana jirgi mai inji a gandun, da kwalekwale mai filafilai za su kai ka wajen tsibirin Tidra, kuma sai ruwa ya cika ake tashi, don haka kada ka yi gaggawa. Mata na shanya kifi da ƙwansa a rana. Ka nemi izini kafin ka ɗauke su hoto.